HARSASHIN JAN ƘARFE: GARDAMAR MAHARBAN AMURKA TA TAƁO TUKUNYARMU

Duk wanda ya taɓa shiga silima a Legas ko Badun ko Fatakwal ya kalli fim ɗin kaboyi, ya san bindigar da za mu yi magana a kanta yau, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan wadda mai harbi kan fizgi wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashin kunamarta ya yi ƙasa da shi, ya komar, sai kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fita, sabon harsashi ya hau. Mafi shahara cikin irinta ita ce Winchester ta 1894, wadda John Browning ya tsara, aka kuma ƙera fiye da miliyan 7 daga cikinta. Har gobe talakan Amurka na farautar barewar ƙasarsu da ita, da yawa kuwa gadonta suka yi wajen kakanninsu.

A kan wannan tsohuwar bindiga da ire-irenta gardama ta kaure tsakanin maharban ƙasar da hukumominsu, kuma dalma ce tushen gardamar. Ran 1 ga watan Yuli na 2019, jihar Kalifoniya ta haramta kowace irin farauta da harsashin dalma a duk faɗinta, bisa dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2013. Wanda ke son farauta sai ya nemi harsashin da babu dalma a cikinsa, galibi na jan ƙarfe tsantsa. Ni dai ra'ayina shi ne jihar ta yi daidai, kuma mu mutanen Arewa muna da dalilin fahimtar haka fiye da yawancin mutanen duniya.

Abin mamaki, ungulu ce ta fara tona asirin. A can suna da wata ƙatuwar ungulu da suke kira kondo, wadda in ta buɗe fikafikanta sukan kai ƙafa 9 da ɗoriya. Ta yi ta ƙarewa har a 1982 ya zama 22 kaɗai suka rage a duniya. A 1987 aka kame dukan waɗanda ke raye, su 27, aka killace su suka hayayyafa, sa'an nan aka fara sakinsu daji a 1992. Sai ga su suna ta komowa asibitin dabbobi da gubar dalma a jininsu. Da aka bi sawu sai aka tarar maharbi kan feɗe dabba a daji ya bar kayan ciki a wurin, ungulu ta sauka ta ci, ta haɗiye ɓarɓashin harsashi tare da nama. Wannan ya sa tun a 2008 aka hana harsashin dalma a yankin da tsuntsuwar ke kiwo, kafin a game jihar duka.

To, ina ɓarɓashin ya fito? Dalma ƙarfe ne mai taushi. Idan harsashin da cikinsa dalma ce ya bugi nama da ƙashi da gudu, yakan baje, ya zubar da ɗaruruwan gutsattsari waɗanda yawancinsu ido ba ya gani, haƙori kuma ba ya ji. A 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa ya ɗauki hoton asibiti na ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da maharba suka bayar sadaka don ciyar da matalauta, ya ga ɓarɓashin ƙarfe cikin fiye da rabinsu. Hukuma ta sa aka janye naman, ta kuma gargaɗi mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 6 kada su ci naman da aka harbe da dalma. A wannan shekara ma'aikatar gandun daji ta jihar Minesota ta gwada harsasai iri-iri, ta tarar gutsattsarin kan yi tafiyar fiye da ƙafa guda daga inda harsashi ya ratsa. Watau yanke bakin raunin a yar, kamar yadda aka saba, ba ya raba nama da guba gaba ɗaya. Harsashin jan ƙarfe kuwa bakinsa ne ke tsagewa ya buɗe kamar fure, ya ratsa ya wuce da kusan dukan nauyinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka maharban da suka yi tsayin daka wawaye ne. Suna da hujjoji, kuma masu bindiga irin ta kaboyi sun fi kowa. Bindigar nan tana ajiye harsasanta ne cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta, a jere, hancin wannan na tokare da gindin na gabansa, daidai inda ɗan makunnin wuta yake. In harsashi mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa tsinin ya soki makunnin na gaba, bututun ya tashi a hannun mai shi. Saboda haka tun fil azal harsasanta masu dakusasshen baki ne, kuma tsinannun harsasan jan ƙarfe da aka fara yi wa sauran bindigogi ba su da amfani gare ta. Na biyu, jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba. In dalma ta auna 11, jan ƙarfe mai girmanta 9 zai auna. Don haka harsashin jan ƙarfe ya fi tsawo, yana cinye wurin albarushi cikin kwanso, wata tsohuwar bindigar ma ba ta iya juya shi yadda zai tafi sak. Na uku, jan ƙarfe ya fi dalma tauri, sai da gudu sosai yake buɗewa, alhali kuwa harsashin da aka fi sa wa wannan bindiga, mai lamba 30-30 wanda ya fito a 1895, yana barin bakinta da gudun ƙafa 2,300 da 'yan kai a daƙiƙa, kuma nan da nan yake sanyi. In bai buɗe ba sai ya huda dabba kamar allura, ta gudu da rauni ta je ta mutu a banza. Maharbin kirki ba ya son haka, a Amurka yake ko a Birnin Gwari.

Amma fa duk waɗannan matsaloli ne na maƙera, maƙera kuwa sun yi aikinsu. Kamfanin Barnes, wanda ya fito da harsashin jan ƙarfe tsantsa a 1989, ya yi wa 30-30 nata mai faffaɗan baki da rami mai zurfi a tsakiya, domin ya buɗe ko da gudu ya ragu. Kamfanin Hornady ya ɗora wa nasa tsini na roba mai laushi, wanda ba ya iya tayar da makunnin na gaba. Aka kuma yanka tsagi-tsagi a jikin harsasan don rage gogayya da dattin da jan ƙarfe ke bari cikin bindiga. Abin da ya rage na gaskiya shi ne tsada, da kuma tilas mai farauta ya san iyakar nisan da zai yi harbi. Tsadar ma, in an duba, mai farautar barewa harsashi nawa yake harbawa a shekara? Ƙasar Denmak, wadda ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996, ta haɗa da harsashin manyan bindigogin farauta a 2024, kuma ba a daina farauta a can ba.

Inda nake ganin Kalifoniya ta gaza maƙwabciyarta Arizona shi ne wajen tafiya da mutane. Arizona ba ta yi doka ba. Tun 2005 take bai wa masu farauta a yankin ungulun harsashin jan ƙarfe kyauta, tana roƙon wanda ya nace wa dalma ya kwashe kayan cikin dabbarsa kada ya bari a daji, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 suka ba da haɗin kai. Sai dai kaɗan ɗin da suka ƙi sun isa su ci gaba da sa wa tsuntsaye guba, domin mushe guda kan tara ungulaye da yawa. Doka da lallashi sai an haɗa su.

Yanzu mu komo gida. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinariya ne mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jikinsu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Allah Ya jiƙansu. Ba na cewa naman farauta zai yi irin wannan ɓarna. Abin da ke cikinsa bai ko kama ƙafar na Zamfara ba, kuma ƙarya ce a ce haka. Amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Jikin yaro ya fi na babba zuƙarta, tana kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru, tana dakushe ƙwaƙwalwa ba tare da zazzaɓi ko ciwon kai da zai sa uwa ta farga ba. Sai dai a ga yaro ba ya gane karatu, a yi ta dukansa.

Maharbanmu ba su da Winchester. Adaka gare su da bindiga mai cin harsashin ƙwayoyi, kuma ƙwayoyin nan na dalma ne. Ina yaro na sha ganin ana narka dalma a kasko a bakin ƙofa, yara na zagaye suna kallo, mu ma muna ciki. Wa ke cikinmu bai taɓa tauna ƙwaya cikin naman zabo ko makwarwa ya tofar, ya ci gaba da cin abincinsa ba? Wanda ya tofar ɗin shi ne babba. Ƙananan sun wuce. Direbobinmu da ke bin hanyar Ore zuwa Binin, ko Badun zuwa Ife, sun san yadda ake baje kyafaffen naman daji a bakin titi, ko da yake da yawanmu ba ma saye saboda shakkar yanka. Amma wanda ake aiko mana daga gida, ko muke ci in mun je Salla, ba ma tambayar da me aka harbe shi.

Amurka ta hana ƙwayoyin dalma wajen farautar agwagin ruwa tun 1991, aka koma na baƙin ƙarfe. Mu nan harsashin ƙwayoyi na bi ta hannun dillalai masu lasisi, watau hukuma na da ƙofar da za ta tsaya. Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya su sa ma'aikatar lafiya ta auna naman dajin da ake sayarwa a kasuwanni ta faɗa wa jama'a abin da ta gani, a kuma sauƙaƙa shigo da harsasan da ba su da dalma waɗanda suka dace da bindigoginmu, a bi ta hannun sarakunan maharba kamar yadda Arizona ta bi ta hannun nata mutanen. Kafin nan, ɗan'uwa, in an aiko maka da naman harbi, ka sa a yanke wajen raunin da faɗi a yar, kada a niƙa shi, kada a dafa shi da tsamiya ko lemun tsami domin tsami na narkar da dalma cikin romo, mai ciki da yaran da ba su isa shiga makaranta ba kuwa a ba su naman mahauta.