FILIN WASANNI: Tony Dungy, Mai Koyarwa Da Ba Ya Tsawa

A wannan mako za mu ƙetare teku zuwa Amurka, inda suke da wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa galibi da hannu ake yinsa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kowane ɓangare mutum 11 ne, ana kuma bai wa masu kai hari zarafi 4 su matsa gaba yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Aikin masu tsaron gida shi ne su hana cin wannan yadi 10.

Wanda za mu yi magana a kansa shi ne Tony Dungy, baƙar fata, haifaffen garin Jackson ta jihar Michigan a 1955. A Jami'ar Minnesota shi ne madugu, wato mai jefa ƙwallo da tsara hari. Amma a zamanin nan manyan kulob ba su cika yarda su danƙa wa baƙin mutum wannan matsayi ba. Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa a 1977, ba kulob ɗin da ya kira sunansa. Daga baya Pittsburgh Steelers suka ɗauke shi, suka mai da shi mai tsaron baya. Bai yi zuciya ba, ya duƙufa ya koyi sabon aiki, har a kakar 1978 ya cafke ƙwallon abokan karawa sau 6, suka kuma ci kofin ƙasa da ake kira Super Bowl.

Shekara 3 kacal ya yi yana wasa. A 1981 maigidansa Chuck Noll ya ɗauke shi mataimakin mai koyarwa yana da shekara 25, a 1984 kuma ya shugabantar da shi a kan sashen tsaro duka. Duk da haka sai a 1996 ya sami kulob nasa na kansa, wato Tampa Bay, wanda ya fi shekara 10 yana shan kashi. Dalilin da wasu suka riƙa kawowa na wannan jinkiri shi ne wai Dungy ya cika sanyi, ba ya tsawa, ba ya ashar.

A Tampa ya gina tsaro mai wuyar ketawa: mutum 2 su raba bayan fili gida biyu, na tsakiya ya ja da baya ya toshe ratar da ke tsakaninsu. Cikin shekara 6 ya kai su zagayen neman kofi sau 4. Amma masu kulob suka ƙosa, suka sallame shi a Janairun 2002. Shekara na zagayowa Jon Gruden ya ɗauki kofin, galibi da 'yan wasan da Dungy ya raina. Wani ya yi noma, wani ya sha girbi ke nan. Korarsa na cikin abubuwan da suka jawo Dokar Rooney ta 2003, wadda ta wajabta wa kulob ya gana da wanda ba farar fata ba kafin ya naɗa babban mai koyarwa.

Indianapolis Colts suka ɗauke shi a 2002. A Disambar 2005 ya yi rashin ɗansa mai shekara 18, ya jure, ya koma bakin aiki. Ranar 4 ga Fabrairu 2007, a Miami, ana sheƙa ruwa, Colts suka doke Chicago Bears da ci 29 da 17, ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi yana babban mai koyarwa. Abin sha'awa, mai koyar da Bears, Lovie Smith, tsohon mataimakinsa ne. Dungy ya ajiye aiki a Janairun 2009.

To, ina masu riƙe da ragamar kulob-kulob namu na gida, waɗanda in an sha kashi sau biyu sai su kori mai koyarwa? Ina kuma masu zaton horon yara sai da zagi? Ga dai mutum bai ɗaga murya ba, yara sun bi shi har ga kofi. Tampa ma da ta kore shi, ginin da ya yi shekara 6 yana yi shi ya ɗauke ta. A ba mai koyarwa lokaci, sannan a tambaye shi sakamako.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.