Waiwaye: Abin da Ƙasar Jodan Ta Koya wa Malami

Shekarun da na yi ina koyar da tarihin Littafi Mai Tsarki a wata makaranta a Amman sun sauya mini salon koyarwa. Birnin kansa yana cikin darasin, domin shi ne tsohuwar Rabba ta Ammonawa, inda Uriya Bahitte ya mutu a yaƙi a zamanin Sarki Dawuda. Ɗalibaina kan wuce ta gindin tsaunin tsohon birnin a motar haya ba tare da sun ɗaga kai ba.

Ranakun hutu nakan kwashe su mu fita. Amfanin farko da muka samu shi ne sanin yanayin ƙasa. Daga Dutsen Nebo, wanda aka ce daga kansa Annabi Musa ya hango ƙasar alkawari, ana ganin Yariko da Tekun Gishiri shimfiɗe a ƙasa, tekun yana fiye da mita 400 ƙasa da matakin ruwan teku. Yaron da ya gangara hanyar da ta sauka daga dutsen zuwa tekun, kunnensa ya toshe, zafi ya rufe shi, ba ya buƙatar dogon bayani kan wahalar matafiyan da suka bi ta da ƙafa.

Sai dai yara ba sa rasa tambaya. Duk inda muka tsaya sai wani ya ce, "Malam, a nan ɗin ne daidai?" Wannan tambaya ce ta tilasta mini raba musu hujja gida uku: abin da aka rubuta, abin da masu tonon tarihi suka tono, da abin da aka gada a baki.

A Nebo, an tono ragowar coci da aka fara ginawa a ƙarni na 4. Wannan ya nuna cewa tun a wancan zamani Kiristoci suna ziyartar wurin da sunan Musa. Kabarinsa kuwa, Attaura da kanta ta nuna ba wanda ya san inda yake, ko da yake Musulmin yankin suna da wurin ziyara da sunansa kusa da Yariko, a ɗaya ƙetaren Kogin Urdun.

Haka batun baftismar Yesu. Al-Magtas, inda aka ce an yi ta, a gabashin Kogin Urdun, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2015, bayan tonon da aka fara sakamakon yarjejeniyar zaman lafiya ta 1994 tsakanin Jodan da Isra'ila ya fito da tsofaffin coci-coci da tafkuna. Ga kuma wasu masu ziyara a gaɓar yamma, 'yan mitoci kaɗan tsakani, su ma suna shiga ruwan da irin wannan niyya. Taswirar Madaba, wadda aka shirya da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen coci a ƙarni na 6, ta sa wurin baftismar a yamma.

Labarin aladun da suka ruga cikin Tekun Galili ya fi ba ɗalibaina aiki. Wata Linjila ta danganta shi da ƙasar Gadara, wasu da Garasa. Gadara ita ce Umm Kais ta yau, kimanin kilomita 10 daga tekun. Garasa kuwa ita ce Jarash, mai nisan sama da kilomita 50. Na bar su da taswira suka yi ta musu, kowa yana kawo hujjarsa, kuma muhawarar ta fi duk laccar da na taɓa yi musu amfani.

Wasu iyaye sun ji tsoron kada wannan salon koyarwa ya raunana imanin 'ya'yansu. Abin da na gani shi ne, yaron da aka saba gaya wa gaskiyar iyakar hujja ba ya girgiza ranar da ya ji wani masani ya yi jayayya da ɗan jagora. Wanda aka cika da "tabbas nan ne" shi ke shiga ruɗu, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Masu zuwa ziyarar ibada daga Najeriya kan yi 'yan kwanaki ne su koma, da yawansu kuma limamai ne da malamai da jama'a za su saurara. In suna ba da labari, su riƙa bambance wa masu sauraro abin da nassi ya faɗa, da abin da aka tono, da abin da ɗan jagora ya ce.