Kiɗan "Indi": Ina 'Yancin Yake?

A bana na zaɓi in yi magana a kan wani kiɗa na Ingila da Amurka wanda ake kira "indi rok". Watakila wani zai ce, me ya haɗa makarantarmu da kiɗan Turawa? Wayar da ɗalibi yake riƙewa a lokacin hutu ta riga ta haɗa mu. Ban da haka, a cikinku akwai masu buga gita da ganga, waɗanda suke fatan wata rana su fitar da nasu faifai. Abin da yake samun waɗancan makaɗa na nesa zai iske ku, gama kasuwar ɗaya ce yanzu. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Asalin sunan

Kiɗan rok dai shi ne wanda ake yi da gita mai lantarki, da ganguna, da murya. Kalmar "indi" kuwa guntuwar wata kalmar Ingilishi ce mai ma'anar cin gashin kai. A watan Janairu na 1977 wasu samari na Manchesta, masu suna Buzzcocks, suka ga babu babban kamfanin da zai kula da su. Sai suka ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙa huɗu, Spiral Scratch. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, daga baya aka sayar da wajen 16,000. Wannan ya nuna wa matasan Ingila cewa mutum yana iya yin faifai ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba.

A 1978 aka kafa kamfanin Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta. An san Rough Trade da raba riba biyu daidai tsakaninsa da mawaƙa, abin da manyan kamfanoni ba sa yi. To, amma mu lura da ƙarshen labarin. Sashen rarraba faifai na Rough Trade ya karye a 1991, Factory kuma ya bi shi a 1992. Kyakkyawar niyya ba ta hana su faɗuwa ba, domin lissafi bai san aboki ba. Ɗalibin da yake barci a ajin lissafi yana cewa shi mawaƙi zai zama, sai ya riƙe wannan.

Yau kalmar ta canza. Ana kiran ƙungiya "indi" saboda irin sautin gitarta da irin tufafinta, ko da kuwa babban kamfani ne yake riƙe da ita. Ra'ayina shi ne, sunan ba ya gaya mana kome kuma. Dole mai sauraro ya yi tambaya da kansa, wa ya mallaki aikin, wa yake cin kuɗinsa, me kuma waƙar take faɗa.

Faifai uku

Bari in ɗauki faifai uku na 'yan shekarun nan in auna su.

Na fari shi ne This Could Be Texas, na wata ƙungiya daga birnin Leeds mai suna English Teacher, watau malamin Ingilishi. Sunan kaɗai zai sa abokan aikina murmushi. Faifan ya fito a Afrilu 2024, a watan Satumba kuma ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba faifan da ya fi kyau a Birtaniya da Ireland kowace shekara. Su ne na farko daga wajen Landan da suka ci ta tun bayan 2014. Abin da na yaba shi ne rubutun mai waƙarsu, Lily Fontaine. Tana waƙa a kan ƙananan garuruwan arewacin Ingila inda ta girma, da yadda mutum yake zama baƙo a garinsu. Ba ta ari rayuwar wani ba. Kiɗan yana da wuyar bi a sauraro na farko, gama suna yawan canza taki a tsakiyar waƙa, amma mai haƙuri zai sami lada. Sai dai kamfanin Island ne ya fitar da shi, wanda yake ƙarƙashin Universal, kamfanin faifai mafi girma a duniya. Kun ga ke nan, ga "indi" a baki, ga babban kamfani a baya.

Na biyu shi ne Moisturizer na ƙungiyar Wet Leg, wanda ya fito a Yuli 2025. Mata biyu ne daga wani tsibiri a kudancin Ingila suka kafa ƙungiyar, faifansu na farko kuma ya kawo musu kyautar Grammy biyu a 2023. Suna tare da Domino, wanda kamfani ne mai cin gashin kansa da gaske. Kiɗansu yana da zaƙi, gajere ne, yana kama kunne nan da nan. Amma ba zan ɓoye muku ba, kalmominsu suna cike da ba'a da maganganun da ba za ka so ƙanwarka ta maimaita a gaban baba ba. Kasancewar kamfani ƙarami ne bai wanke bakin mawaƙi ba. Wanda bai iya Ingilishi sosai ba yana iya rera abin kunya da murya mai ƙarfi, yana tsammani waƙar soyayya ce. Saboda haka ina roƙonku, kada ku haddace abin da ba ku fahimta ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi su duka, daga maƙwabta ya fito. Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan Abzinawa ne daga Jamhuriyar Nijar. Gitarsa ta farko shi ya haɗa ta da katako da wayoyin birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Waƙoƙin suka bi Sahara daga waya zuwa waya. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, ya kuma nemo mai waƙar har ya same shi. Daga baya Mdou Moctar ya shiga Matador, ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin indi na Amurka, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a Mayu 2024.

Funeral for Justice faifai ne mai fushi. Gitar tana gudu kamar guguwar rani, ganguna suna bin ta ba hutu. Da harshen Tamashek yake waƙa. Yana tuhumar Faransa a kan abin da ta yi wa ƙasarsa, yana tuhumar shugabannin Afirka a kan shirun da suka yi, yana kuma kiran mutanensa kada su bar harshensu ya mutu. Da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, shi da abokansa suna Amurka suna wasa, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. A cikin wannan zaman jira suka sake ɗaukar waƙoƙin da gita marar lantarki, aka fitar da su a Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice. Wanda ya saurari biyun zai ji maganar guda, sau ɗaya da ihu, sau ɗaya da hawaye.

Ku lura da wannan, ɗalibai. Mutumin nan bai canza harshe domin Turawa su so shi ba. Su ne suke neman fassara. Mu kuwa a nan muna da yara waɗanda suke jin kunyar rera waƙa da Hausa, ko Birom, ko Tyap, ko Bura, suna ganin sai da Ingilishi ake zama mawaƙi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Labarin kasuwa

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta cika labaran kiɗa a 'yan shekarun nan. Yawancin mutane ba sa sayen faifai ko kaset kuma, ta intanet suke sauraro, babbar kasuwar kuwa ita ce Spotify, wadda ta iso Nijeriya a 2021. Ga yadda take biya. Ana tara kuɗin da aka samu a tukunya ɗaya, sa'an nan a raba bisa ga yawan sauraron da kowa ya samu a cikin jimla. Watau ko da ƙaramar ƙungiya ɗaya kake sauraro dukan wata, yawancin kuɗinka ga manyan taurari yake tafiya. Daga Afrilu 2024 kuma kamfanin ya sa doka cewa waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba za ta sami ko kwabo ba. Kamfanin ya ce kuɗin ƙanana ne ƙwarai, ba sa ma isa hannun masu su. Ni ban yarda da wannan hujja ba. In manomi ya kawo mudu ɗaya kasuwa, ba a karɓe masa a ba mai buhu ɗari don mudun ya yi kaɗan.

Akwai wata kasuwar, Bandcamp, inda mai sauraro yake sayen faifai kai tsaye, yawancin kuɗin kuma ya shiga aljihun mawaƙi. Ƙananan ƙungiyoyi sun dogara da ita sosai. An sayar da ita ga Epic Games a 2022, aka sake sayar wa Songtradr a 2023, wajen rabin ma'aikatanta suka rasa aiki. Wannan ya tuna wa kowa cewa rumfar aro ba ta mutum ba ce.

A 2025 abubuwa biyu suka ƙara tada ƙura. Na ɗaya, wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta bayyana a Spotify, ta tara masu sauraro fiye da miliyan ɗaya a wata, sa'an nan aka tabbatar cewa babu mawaƙan, kwamfuta ce ta ƙirƙiro waƙoƙin har da hotunansu. Wannan ƙungiyar ta inuwa daga tukunya guda take ci da masu jini a jika. Na biyu, a watan Yuni kamfanin zuba jari na Daniel Ek, wanda ya kafa Spotify, ya jagoranci zuba yuro miliyan 600 a Helsing, kamfanin Jamus mai ƙera kayan yaƙi. Ƙungiyoyi irin su Deerhoof na Amurka da King Gizzard & the Lizard Wizard na Ostireliya suka janye waƙoƙinsu, suka ce ba sa so guminsu ya shiga wannan hanya.

Na yaba musu, gama a nan ne kalmar cin gashin kai ta sake samun ma'ana. Sun iya ficewa domin suna da iko a kan ayyukansu. Mawaƙin da ya riga ya sa hannu ya sayar da haƙƙinsa, ko zuciyarsa ta ƙi, ba shi da ta cewa. Duk da haka ba zan jefi waɗanda suka zauna da dutse ba. Ƙungiyar da take cika manyan ɗakunan wasa tana iya yin asarar Spotify ta rayu, amma yaron da ya fara jiya ba shi da wata hanyar da za a ji shi. Haka kuma ban ce shiga babban kamfani zunubi ne ba. English Teacher sun shiga, sun kuwa yi aiki mai kyau. Abin da ke cikin takardar yarjejeniya shi ne magana.

Abin da ya rage gare mu

Kafin mu zargi Spotify, mu dubi kanmu. Waƙoƙin Mdou Moctar sun zaga Sahara a katin waya, suka ba shi suna, amma tura waƙa daga waya zuwa waya ba ya sa tuwo a kwanon mawaƙi. Haka muke yi wa mawaƙanmu na gida kullum. Mutum zai kashe kuɗinsa a situdiyo, washegari waƙar tana kowace waya a gari, a ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya ji daɗin waƙa kuma ya kamata ya biya mai ita. In mawaƙi yana sayar da aikinsa, ku saya. In ya shirya wasa, ku biya kuɗin ƙofa, kada ku nemi hanyar baya.

Ku kuma masu niyyar shiga wannan sana'a, ga shawarata. Ku gama karatunku tukuna, domin wanda bai iya karanta yarjejeniya ba, wani ne zai karanta masa, ba kuwa don amfaninsa ba. Kada ku sa hannu a kan takarda a ranar da aka miƙa muku ita. Ku kai wa lauya ko wani babba mai sani, ku tambaya wa zai mallaki waƙar, har shekara nawa, kashi nawa kuma zai zo muku. Ku rubuta abin da kuka sani, da harshen da kuka fi iyawa. Ku koyi kayan kiɗanku da kyau, gama kwamfuta ta riga ta iya yin waƙa mai kama da ta kowa, wanda zai tsira shi ne mai abin faɗa na kansa.

Iyaye da malamai, mu ma kada mu tsaya ga kashe rediyo da kwace waya kawai. Mu zauna da yaranmu mu saurara tare, mu tambaye su ma'anar abin da suke ji. Yaron da aka koya wa aunawa zai zaɓa da kyau ko ba ma nan.

Ina yi wa 'yan aji shida masu barinmu fatan alheri. Allah ya ba ku kunnen rarrabewa, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanku.