Wasiƙar Kiranye Ba Ta Ƙetaro Teku

A watan Satumba na shekarar 2015 kamfanin Hyundai na ƙasar Koriya ta Kudu ya shelanta a Amurka cewa zai yi wa motocinsa ƙirar Sonata na 2011 da 2012 kiranye, su wajen 470,000, saboda wata illa da aka tarar a cikin injinsu mai suna Theta II. Asalin illar kuwa ba wani abu mai girma ba ne ga ido. A masana'antar kamfanin da ke jihar Alabama, yayin da ake fafe ƙarfen nan da makanikai ke kira kiranshaf, ɓarɓashin ƙarfe yakan saura cikin 'yan hanyoyin da baƙin mai ke bi, har idan mota ta yi 'yan shekaru a kan titi sai ɓarɓashin ya tauye gudun mai, mital ya cinye, inji ya soma ƙwanƙwasa, daga nan ko dai ya cije tsaye a tsakiyar hanya, ko kuwa konrod ya karye ya huda jikin injin, mai ya kwarara a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi.

Da maganar ta tsaya a nan, da mun ce kuskure ne irin wanda ɗan Adam ba ya rabuwa da shi, an gane shi an kuma gyara. Amma wani injiniya na kamfanin, Kim Gwang-ho, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana yi musu aiki, ya ga cewa abin da aka bayyana bai kai abin da aka sani ba, sai ya ɗauki takardunsa a shekarar 2016 ya tafi Washington ya miƙa su ga hukumar kiyaye lafiyar tituna ta Amurka, NHTSA, alhali yana sane da cewa abincinsa yake sawa a kan sikeli. Aka kuwa kore shi daga aiki. A 2017 Hyundai da 'yar'uwarta Kia suka ƙara kiran motoci kusan miliyan 1.2, cikinsu har da Santa Fe Sport da Optima da Sorento da Sportage. A watan Nuwamba na 2020 hukumar ta ɗora wa kamfanonin biyu tarar da jimillarta ta kai dala miliyan 210 saboda jinkirin kiranye, bayan shekara guda kuma ta ba Kim ladan dala miliyan 24, karon farko ke nan da ta ba mai fallasa irin wannan lada. Mu a wannan jarida muna ganin mutumin ya sauke amana, kuma ya cancanci a ambaci sunansa da girmamawa ko a nan inda ba a san shi ba.

To, me ya haɗa mu da sha'anin da ya gudana tsakanin Alabama da Seoul da Washington? Abin da ya haɗa mu shi ne jirgin ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin dillalan motoci a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san cewa abin da ake kira 'yar Kwatano ko Tokumbo, da yawansa daga gwanjon Amurka yake fitowa, kuma motar da ta ba shekara goma baya a can ita ce sabuwar amarya a nan. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya aika wasiƙa ga wanda sunansa ke rajistar motar, ya kuma yi gyaran kyauta a garejin wakilinsa. Sai dai wasiƙar adireshi take bi, ba mota ba, don haka takan sauka a akwatin gidan wani mutum da ya rabu da motar tuntuni, ita kuwa motar tana nan tana kai yara makaranta a Sabon Gari, da illarta a cikin cikinta. Dokar tarayyarsu ta hana dila sayar da sabuwar motar da ba a yi mata gyaran kiranye ba, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba, kuma tsohuwar ce rabonmu.

Al'amarin ya ƙara tsananta a watan Satumba na 2023, lokacin da kamfanonin biyu suka kira motoci sama da miliyan 3.3, wannan karon saboda na'urar birki da ke zaune a ƙarƙashin bonet, wadda man birki kan yi yoyo a cikinta ya haɗa wayoyin lantarki, har wuta ta iya kamawa ko da motar tana ajiye an kashe ta an zare makulli. Cikin jerin akwai Elantra da Accent da Tucson da Rio, sunayen da kowane ɗan tasha ya haddace. Nasihar da hukumar NHTSA ta bayar ita ce a riƙa ajiye motar a waje, nesa da gini, har sai an gyara. Mai karatu ya dubi wannan nasiha, sa'an nan ya dubi yadda muke zaune: mota a cikin gida saboda tsoron ɓarayi, an ja ƙofar ƙarfe an sa kwaɗo, janareto na gefe guda da jarkar fetur kusa da shi, tagar ɗakin yara kuwa ba ta fi taku uku daga bonet ba, ga iskar hunturu mai busar da kome. Gargaɗin da aka rubuta domin mai faffadan fili a bakin ƙofa, a wurinmu ya fi zama lalura, amma mu ne bai iso wa ba.

Fuƙaha'unmu ba su bar wannan mas'ala ba tare da hukunci ba, ko da yake a kan dabba da tufa da hatsi suka yi bayaninta. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya karanta haramcin algus da ɓoye aibi, ya kuma san cewa wanda ya sayi abu sa'an nan wani tsohon aibi ya bayyana a jikinsa yana da zaɓin mayar da shi. Sau da yawa dillalin mota bai san aibin ba, wannan gaskiya ne, ba ma kuma tuhumar kowa da ha'inci. Amma rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar sani, alhali a yau hanyar tana cikin aljihu. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, kuma hukumar NHTSA ta buɗe wuri a intanet inda kowa, daga kowace ƙasa, zai rubuta lambar ya ga ko akwai kiranyen da ba a cika ba, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wanda ya iya duba hoton motar a wurin gwanjo kafin ya saya, ba shi da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsa.

Kaso mafi nauyi kuwa yana wuyan hukuma. Tun shekarar 2022 Hukumar Kwastan ta Nijeriya take amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su, wato lambar da za ta tona asirin illar tana ratsa hannun ma'aikacin gwamnati kafin mota ta bar tashar ruwa. Abin takaici ne a ce ana tambayar lambar nawa za ta kawo, ba a tambayarta ko za ta ƙone gida. Muna kira da a sa binciken kiranye cikin sharuɗɗan fito, a rubuta sakamakon a takardar da za ta bi motar har wurin rajista, domin mai saye na biyu da na uku su gani. Muna kuma kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ta zauna da wakilan kamfanonin motoci da ke cikin ƙasa a fitar da matsaya a kan gyaran motocin da suka shigo ta hannu na biyu, tunda gyaran 2023 ɗin bai wuce sauya fis ba, abin da ba zai gagari kamfanin da ke cin ribar kayan gyara a kasuwanninmu ba. Ita kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda take da jami'ai a kowace jiha, ta riƙa fassara sanarwar kiranye zuwa Hausa da sauran harsuna tana kai wa gidajen rediyo da ƙungiyoyin makanikai, domin makaniki shi ne farkon wanda ke jin ƙwanƙwasar inji, kuma maganarsa direba yake saurare.

Kafin hukumomi su motsa, muna roƙon duk mai Hyundai ko Kia da ta fito daga Amurka, musamman ƙirar 2010 zuwa 2019, ya duba lambar shasinsa a wannan mako. In ya tarar da kiranye a buɗe, ya nemi wakilin kamfani ko amintaccen makaniki, ya raba motar da janareto da jarkar fetur, ya sa tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. In kuwa ya ji inji na ƙwanƙwasa, ko fitilar mai ta kama, ko hancinsa ya shaƙi ƙaurin waya, to ya gangara gefen titi ya kashe ta, ya fara fitar da mutane tukuna kafin ya yi tunanin buɗe bonet.