Kada a ƙone fastocin gidan bidiyo

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi cikin shekarun 1990 ya san gidan bidiyo: rumfar zana, bencina, inji na ruri a baya, a bakin ƙofa kuma an manna hoton fim ɗin da za a nuna da dare, wanda muke ce wa afish. Waɗanda suka fi tsayar da mu a hanyar lakwal su ne na fina-finan ban tsoro, Dracula da fiƙoƙinsa, ko Sridevi da idanun macijiya a fim ɗin Nagina na 1986.

Ina da irinsu guda 11 a cikin akwati. Wani abokin aikina da ya gan su ya ce, "Haba Malam, hotunan aljanu a gidan mai tarbiyyar yara? Ka cinna musu wuta." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ban yarda da shi ba.

Da farko dai tarihinmu ne. A Ghana, cikin shekarun 1980 da 1990, masu yawo da bidiyo gari-gari sukan sa a zana musu fastoci da fenti a kan buhun fulawa. Yau waɗannan buhunan suna rataye a gidajen baje kolin zane a Turai da Amurka. A 2017 an sayar da fostar Dracula ta 1931 a kan dalar Amurka 525,800. Ba na cewa namu za su yi wannan kuɗin. Amma wasu sun adana nasu, mu kuwa namu sun ƙare a hannun masu ƙosai da cikin gara.

Babban dalilina kuwa yaranmu ne. Bara wata ɗalibata da ke gwajin koyarwa a wani ƙauye kusa da Mayahi ta ba ni labarin yarinyar da ta kwana 3 ba ta zo aji ba. Yayanta ne ya nuna mata bidiyo a waya, wai aljana ce aka ɗauka a bakin rijiya, alhali hanyar makarantarta ta bakin rijiya take. Mu a zamaninmu muna shiga rumfa mun san fim muka biya kuɗi mu kalla, mu fito muna dariyar wanda ya fi kowa ihu. Yaron yau shi kaɗai yake kallo cikin duhu, kuma saƙon WhatsApp ɗin cewa yake yi gaskiya ne.

Shi ya sa nake kai afish ɗaya aji in shimfiɗa wa malaman gobe a kan tebur. In tambaye su: me ya sa jan launi ya yi yawa? Me ya sa dodon ya fi mutanen girma? Wa ya biya aka buga, kuma me yake so a wurinka? Kafin a tashi sun gane cewa tsoron nan haja ce, wani ne ya ƙera ta don a sayi tikiti. Wanda ya iya kwance takarda haka zai iya kwance bidiyon waya, ya kuma koya wa ɗan shekara 10.

Ban ce a manna su a bangon aji ba, kuma ban musa samuwar aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Abin da nake so yaro ya sani shi ne na jikin takarda da na cikin waya aikin ɗan Adam ne.

Iyaye, in yaro ya firgita da abin da ya gani, kada a tsaya ga ƙwace waya. A zauna da shi a tambaye shi wa yake jin ya haɗa bidiyon. Wanda kuma yake da tsohuwar afish a gida, ya sa ta cikin leda tun damina ba ta faɗi ba, ko ya miƙa wa malamin da zai yi aiki da ita.