LAIFIN WAYA NE KO NA MAHUKUNTA?

Kullum in manya suka taru a Dutse ana maganar ilmi, sai ka ji an ɗora laifi a kan fim da wayar hannu, wai su suka hana yara karatu. Mu ba mu ce ƙarya ake yi ɗungum ba. Duk wanda ya bi ta Takur ko Fagoji ran Asabar da dare ya ga yadda gidajen kallon ƙwallo ke cika da 'yan makaranta. Yaron da ba ya iya kawo sunan koguna uku na Nijeriya, sai ya jero maka 'yan wasan Arsenal tun daga mai tsaron gida har na benci. 'Yan mata kuwa ba su da hira sai ta Labarina da Daɗin Kowa, da wadda ta yi suna a TikTok. Har zance ma ya sake. Da can saurayi ya tsaya ƙofar gida iyaye na gani, yau sai ya shigo ta waya da tsakar dare, ba wanda ya ji sallamarsa. Lalle wannan abin damuwa ne.

Amma maganin da ake ta kira a yi, watau hani da kame, an gwada shi a Kano mun ga iyakarsa. A can aka yi Turmin Danya a 1990, shekara guda kafin a yanke Jigawa. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai. A 2007 har littattafan soyayya aka tara aka cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta. A 2016 aka soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa. To, an daina kallo? Sai ma abin ya bar kaset ya koma aljihu, inda ba ɗan sanda ko ɗan Hisba da zai bi shi.

Tambayar da mahukunta ba su so a yi ita ce: me makaranta ta ba yaron da zai riƙe shi? Ɗan talaka a ƙauyukan Kiyawa da Jahun ya zauna a ƙasa, aji ya cika maƙil, malami guda ya yi ta fama har muryarsa ta dishe. Aka tashi, shi ke nan. Ba ɗakin littattafai, ba muhawara, ba wasan kwaikwayo, ba ƙwallon kirki. Ina zai nufa in ba gidan kallo ba? 'Ya'yan manya kuwa su ma suna da waya, har ta fi ta kowa tsada, sa'an nan ga su suna cin jarrabawa a makarantun kuɗi. In waya ce ke kashe karatu, don me ba ta kashe nasu ba?

Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, 'ya'yan talakawan da ke kewaye da ita kuwa suna da hakki a kujerunta. Saboda haka muna kira ga gwamnati ta ƙara malamai, ta sa littattafan Hausa da na Turanci a kowace sakandare, ta kuma tsayar da gasar ƙwallo da ta wasan kwaikwayo tsakanin makarantu kowace shekara. Wakilanmu a Majalisa kuma su tashi su nemi a karanta wa jama'a, makaranta bayan makaranta, inda kuɗin ilmi ya shiga.