Waiwaye: Zalika Souley da Bashin da ke Kan Masu Kallo

Ranar 27 ga Yulin 2021 Allah ya yi wa Zalika Souley rasuwa a Yamai, tana da shekara 73. In ka zaga gidajen kallo na Madawa, ko ka zauna wurin samarin da ke tura wa mutane fina-finai a waya a tashar Buza ko ta Keita, ka ambaci sunanta, da wuya ka samu wanda zai ɗaga kai. Za su jero maka jaruman Kano ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi aure suka bar harkar tun tuni. Amma matar da ake lissafawa cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a Afirka kudu da Sahara, 'yar ƙasarsu ce kuma, ba su da labarinta.

An haife ta a Yamai a 1947. Ba ta cika shekara 20 ba Moustapha Alassane ya saka ta a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier na 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kan Nijar, ga budurwa ta fito a majigi cikin kayan maza, tana tsakiyar samari masu bindiga. Moustapha ba baƙo ba ne a wannan jiha tamu ta Tawa, domin a Tawa ya yi zamansa na ƙarshen rayuwa, yana ci gaba da aikin fim da zanen motsi, kafin ya rasu a 2015.

Wanda ya fi fito da ita shi ne Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa, ya koyi fim a hannun Jean Rouch. Ta fito a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, sannan a Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙara mata ta uku da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Zalika ce Gaika, kishiyar da kishi ya rufe wa ido, ta tashi kashe amarya, ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Wannan fim ne ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Sai Saïtane, inda ta fito a matar aure mai cin amana, da FVVA na Moustapha Alassane, da L'Exilé a 1980.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga irin rawar da ake ba ta: kishiya mai kisa, mace mai yaudara, mace mai zaman kanta. Ta iya su ƙwarai, kuma iyawar ce ta jawo mata. Masu kallo na lokacin ba su raba wasa da gaske ba, suka ɗauki halin Gaika ta cikin Wazzou suka ɗora wa Zalika ta cikin unguwa. A Wagadugu ana tafa mata, a gida ana nuna ta da baki.

Daga nan sai masana'antar kanta ta durƙushe. Oumarou Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Farashin uraniyom ya faɗi, baitulmali ya yi ƙasa, tallafin al'adu ya ƙafe, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Rahmatou Keïta ta ɗauki kyamara ta bi ta don fim ɗin tarihinta mai suna Al'lèèssi, ta same ta a ƙaramin gida a Yamai tana fama da ɗawainiyar 'ya'ya, babu abin da shaharar ta bar mata. Ƙarshenta ta fita ƙasar waje ta yi aikatau a gidajen mutane. An nuna Al'lèèssi a Cannes a 2005, duniya ta ga halin da tauraruwar Nijar ta shiga.

A wannan shekara ta 2005 ɗin ne ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya sa The Rocky Horror Picture Show cikin fina-finan da hukuma za ta adana. Fim ne na waƙa da rawa da aka ɗauka a Ingila, ya fito a 1975, kuma abin da ke cikinsa ba irin wanda za a kalla a tsakar gidan Bahaushe ba ne. Abin lura shi ne yadda ya rayu. Da farko bai yi kasuwa ba. A 1976 wani gidan silima a New York ya fara nuna shi da tsakar dare, masu kallo suka riƙa dawowa kowane mako, suna sa kaya irin na 'yan wasan, suna biyan kuɗin ƙofa. Patricia Quinn, 'yar Birtaniya haifaffiyar Belfast a 1944, ita ta fito a Magenta, 'yar aikin gidan. Rawa guda ce, amma shekaru da dama bayan nan ana gayyatarta taron masoya fim ɗin ana karrama ta. Ita ta yi aikatau a cikin wasa ya zame mata arziki, Zalika kuwa ta zama tauraruwa a cikin wasa ta ƙare da aikatau na gaske. Bambancin yana wurin masu kallo da hukumomin da suka adana aikin.

Mu ma muna da fina-finan waƙa da rawa da suka kama zukata haka. Wanda ya yi wayo a Madawa wajen shekarar 2000 ya san yadda kaset ɗin Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya ƙetaro iyaka ta Ƙonni da Maraɗi, ya shiga gidajen biki har cikin duwatsun Adar, 'yan mata suka haddace waƙarsa. To amma nawa daga kuɗin da aka kashe wajen kallonsa ya koma hannun waɗanda suka yi shi? Kwafin sata aka fi saya a lokacin, yau kuma turawa ake yi a katin waya da 'yan dala kaɗan, mai fim bai ga ko tamma ba. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubban naira ake ba ta a fim, bayan shekaru masu yawa tana wasa. Wasu manyan masana'antar sun musanta, aka yi ta cacar baki, amma muhawarar ta tona cewa yawancin aikin babu rubutacciyar yarjejeniya a kansa. Zagin ma bai gushe ba. Har gobe macen da ta fito a muguwar kishiya sai ta sha tsinuwa a Facebook, daga bakin mutanen da ba su taɓa barin fim ɗinta ya wuce su ba.

Bashin da ke kanmu kashi uku ne. Na farko, mu raba 'yar wasa da rawar da ta taka, domin wadda ta nuna mana munin kishi har muka ƙyamace shi ta yi mana wa'azi ne da jikinta da mutuncinta. Na biyu, mu biya abin da muke kallo, su kuma 'yan matan da ke barin Tawa da Maraɗi zuwa Kano neman shiga fim su nemi takarda kafin kyamara ta kunnu, su kuma riƙe wata sana'a a gefe, don farin jini ba ya tsufa da mutum. Na uku yana kan hukuma. Sanya wa cibiyar al'adu ta Yamai sunan Oumarou Ganda abu ne mai kyau, amma yaron Keita bai taɓa ganin fim ɗinsa ba. A nemo kwafin Cabascabo da Wazzou da Le Retour d'un aventurier, a juya su zuwa Hausa, a nuna su a gidajen matasa da makarantun Madawa, Buza da Keita, a kuma ware wa iyalan waɗanda suka yi su kasonsu daga abin da aka samu.